Awa 14 babu ciwo: yadda aka yi mini aikin wuya

Basilla ce ta fara faɗuwa daga hannuna. Ina zaune a rumfata da ke cikin Birni ina haɗa bakin wata gafaka, sai kawai na gan ta a ƙasa, ban kuma ji lokacin da ta suɓuce ba. Na ɗauka na ci gaba, ta sake faɗuwa. Shekara talatin da 'yan kai ina dukanci, sana'ar da na gada wurin mahaifina, hannuna bai taɓa yi mini haka ba. Lokacin ana saura 'yan kwanaki a kama azumin 2023, aikin sallah ya taru a gabana: takalma, alabe, jakunkuna, har da kayan doki na wani bafade.

Ciwon wuya kam ba baƙo ba ne wurin baduku. Mutumin da ke wuni a tabarma kai sunkuye, fata a kan gwiwa, dole wuya ya yi tsami da yamma. Amma wannan daban ne. Yakan taso daga wuya ya bi kafaɗar dama, ya sauka ta dantse har ya ƙare a babban yatsa da manuni, kamar na taɓa wayar lantarki. Da dare ba na iya kwanciya sai na ɗora hannun a bisa kaina. Uwargidana ta ce sanyi ne. Na je wurin wanzami ya kafa mini ƙaho, na shafa man zafi, na sha rubutu. Nakan ji dama kwana biyu, ciwo ya dawo.

Abin da ya biyo baya shi ne na fi jin nauyin faɗa, kuma saboda shi na zauna rubuta wannan. Wani yaro mai yawo da magani a keke ya ga yadda nake riƙe da hannu, ya ce, "Baba, ga wanda 'yan kabu-kabu da 'yan ga-ruwa suke sha, yanzun nan za ka ji sakayau." Tramol ne. Na fara da rabin ƙwaya bayan an sha ruwa. Gaskiya ya yi aiki, na gama kayan sallah na ba masu shi. Kafin babbar sallah na koma ƙwaya biyu a rana, mai lamba 225, wata rana uku. Ban ɗauki kaina ɗan ƙwaya ba, ni a ganina majinyaci ne mai neman abincin iyali. Amma duk safiyar da ban sha ba, sai hamma, zufa da ƙaiƙayin ƙafafu su hana ni zama. Hannun kuma ƙara mutuwa yake yi. Maɓallin riga ya fara gagarata, kofin shayi ya kufce mini sau biyu a gaban baƙi.

'Yata ta biyu, wadda ke karatun aikin jinya, ita ta matsa sai da na je asibiti. An yi mini radiyo, wato hoton ƙashi, a nan Damagaram. Likita ya ƙwanƙwasa mini gwiwar hannu da ɗan gudumarsa, ya sa na matse yatsunsa, ya ce in yi tafiya yana kallo. Da na gaya masa yadda nake kwana da hannu a kai, sai ya gyaɗa kai, ya ce masu irin ciwon nan da yawa haka suke yi, don ɗaga hannun yana sassauta jijiyar da aka danne. Ya rubuta mini takarda zuwa wurin likitan laka da jijiya. Da a wani lokaci ne da Kano zan nufa, ta fi kusa nesa ba kusa ba, amma a lokacin iyaka tana rufe tun bayan juyin mulkin watan Yulin 2023. Sai Yamai, tafiyar kilomita wajen 900, ta Maraɗi, Ƙonni da Doso. Na sayar da filin da na mallaka a bayan gari, 'yan'uwa suka yi karo-karo, dukawan unguwarmu ma suka haɗa nasu suka kawo har gida. Allah ya saka musu da alheri.

A Yamai aka saka ni cikin na'urar IRM, wadda ke nuna laka da jijiyoyi, abin da radiyo ba ta nunawa. Likitan fiɗa ya ɗaga hoton ya ƙirga mini ƙasusuwan wuya guda bakwai. Tsakanin kusan kowane biyu akwai wani faifai mai taushi, kamar matashi. Nawa na tsakanin ƙashi na biyar da na shida ya fashe ya bullo baya, ya danne jijiyar da ke zuwa babban yatsa, ya kuma fara taɓa lakar kanta. Ya ce da ciwo ne kaɗai da sai a jira, don yawancin masu wannan matsala suna samun sauƙi da magani da motsa jiki ba tare da wuƙa ba. Amma hannu yana rasa ƙarfi, laka kuma in ta lalace da wuya ta dawo yadda take. Zai shiga ta gaban wuya, ya ture maƙogwaro da hanyar abinci gefe, ya cire faifan, ya saka wani ɗan abu a gurbinsa, ya ɗaure ƙasusuwan biyu da ɗan ƙarfe da kusoshi har su haɗe su zama ɗaya. Na ce, "Likita, ta gaba? Inda ake yanka rago?" Bai yi dariya ba. Ya ce tun 1958 ake bin wannan hanya, kuma ta fi ta baya sauƙin ciwo domin ba a yanka manyan tsokoki.

Daga nan aka tura ni wurin likitar sa barci, mace ce, ba za ta wuce sa'ar babbar 'yata ba. Ta auna jini, ta duba takardar zuciya, ta sa na buɗe baki ta leƙa, ta tambayi taba da goro da hawan jini. Sai ta ajiye alƙalami ta ce, "Baba, wata bakwai da irin wannan ciwo, me kake sha kake iya aiki?" Na ce man zafi da parasetamol. Ta yi shiru tana kallona. Na roƙi 'yata ta ɗan ba mu wuri. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na ciro katin daga aljihu na ajiye mata a kan tebur.

Ba ta yi mini faɗa ba, kuma har gobe ina gode mata da wannan. Ta juya katin ta ce a asibiti ƙwayar tramadol, wato tramol ɗin, mai miligiram 50 ce ko mai 100, kuma ba a wuce 400 a wuni ga babban mutum. Ni kuwa ina kaiwa sama da 600, ga shi ba wanda ya san ainihin abin da ke cikin na kasuwa. Ta ce yawansa yana kawo farfaɗiya. Sannan ta bayyana mini abin da ya fi damunta. Jikina ya saba da irin wannan magani, don haka bayan aiki morfin na ƙa'ida, maganin ciwo mai ƙarfi da ake bayarwa, ba zai ishe ni ba. In an ƙara yawa, yana rage numfashi, yana sa amai, kuma yunƙurin amai ga wanda aka buɗe wa wuya yana iya tayar da zubar jini a ciki. Kumburin jini a wuya kuwa shaƙe mutum yake yi.

Ta ce abu biyu za mu yi. Na farko, kada in yanke tramol rana ɗaya, jiki zai yi bore. Ta rubuta mini na farmasi da jadawalin ragewa kaɗan-kaɗan, aka ɗaga aikin da mako uku. Na biyu, ranar aikin za ta yi mini allurar kashe jijiya a wuya.

Ta zana mini a bayan takarda. A gefen wuya akwai wata doguwar tsoka da ta taso daga bayan kunne ta sauka zuwa ƙirji, ita ce ke fitowa in mutum ya waiwaya. A tsakiyar bakinta na baya wasu ƙananan jijiyoyi suke fitowa wuri guda, sannan su rabu huɗu: ɗaya ya hau ƙeya, ɗaya ya nufi kunne, ɗaya ya ratsa gaban wuya, ɗaya ya sauka bisa kafaɗa. Su ne ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin duk abin da ya taɓa fatar wurin. In aka zuba maganin kashe zafi a wannan mahaɗa, labarin ba zai wuce ba. Ta ce dangin maganin da mai cire haƙori yake yi wa mutum ne, amma wannan, bupibakayin, ya fi daɗewa.

Nan take na yi tambayar da na san duk wanda ke karanta wannan zai yi. Na ce, "To 'yata, in akwai allurar da ke kashe ciwo haka, me ya sa ba za a yi mini ita kawai in koma gida ba?" Ta ce, "Baba, wannan bakin ɗan aike take rufewa, ba ta ɗage dutsen da ya danne jijiyar. Kuma jijiyoyin hannunka ma ba ta kai gare su, na fatar wuya kaɗai take kamawa. Ciwon yanka za ta ɗauke maka, na hannu aikin likitan fiɗa ne." Ta ƙara da cewa akwai wata allura daban da ake yi a gindin jijiyar da ta kumbura, ga waɗanda ba su kai ga fiɗa ba, amma ni na wuce nan.

Ba ta ɓoye mini haɗarinta ba. Wuya cike yake da manyan hanyoyin jini. In maganin ya shiga jini kai tsaye, mutum zai ji ɗanɗanon ƙarfe a baki, leɓe ya mutu, kunne ya yi ƙara, in ya yi tsanani har jijjiga da tsayawar zuciya. In ya nutsa fiye da kima yana iya kama jijiyar da ke motsa numfashi a gefe guda, ko ya dusashe murya, ko fatar ido ta sauko na 'yan awoyi. Saboda haka ba za ta yi ta da lalube ba, da na'urar ekografi za ta yi, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita. Na sa hannu a takarda.

Makonni ukun nan na yi su a gidan ƙanena a Yamai, kuma ba su yi daɗi ba. Ragin maganin ya hana ni barci, ga ciwon hannu ya samu fili. Ƙanena yakan zauna da ni a tsakar gida har sanyin asuba ya sauko. Shi kaɗai na gaya wa gaskiya bayan likitar. Bai ce komai ba illa, "Yaya, katin ya zauna a hannuna," shi yake ba ni bisa jadawali.

Ranar aikin, cikin watan Nuwamba, ban ci ban sha ba tun tsakar dare. Da ƙarfe takwas da rabi suka shigar da ni wani ɗaki kusa da ɗakin fiɗa, aka sa mini ƙarin ruwa, aka manna mini wayoyin zuciya a ƙirji, aka maƙala wani abu a yatsa. Likitar ta ce in juya fuska hagu in ɗan ɗaga kai daga matashi. Na ji yatsanta yana bin bakin tsokar. Ta goge wurin da maganin ja mai sanyi, ta ɗora kan na'urar. Allon yana gefen da nake kallo, amma ni ban ga komai ba sai toka-toka da baƙi-baƙi, da wani abu zagaye yana bugawa. Ta ce wannan babbar hanyar jini ce, ita muke gudu. Tsinin allurar bai kai cizon kunama ba, bai ma kai sokewar basilla da na saba da ita ba. Ta ce wa mai taimaka mata ya ja baya tukuna, ya ce babu jini, sannan ya tura kaɗan. Haka suka yi ta yi, ja, tura, ja, tura, har mililita 10 ta ƙare. Tsakani tana tambaya, "Baba, bakinka lafiya? Kunne fa?" Abin da na ji shi ne nauyi da sanyi suna bazuwa ƙarƙashin fata. Duka-duka bai kai minti biyar ba.

Bayan kamar kwata ta dawo da auduga mai sanyi. Ta taɓa gefen hagu, na ji sanyi. Ta taɓa na dama, na san an taɓa ni amma sanyin babu. Ta ja fatar kunnena ta ƙasa, kamar kunnen wani ake ja. Ta ce ya kama. Suka tura ni ciki, aka ɗora mini abin numfashi a hanci, ina cikin salati ban san inda na tsaya ba. Allurar ba ta hana a sa mutum barci gaba ɗaya, tare suke tafiya. Amfaninta a lokacin aikin shi ne ba a bukatar zuba magunguna masu ƙarfi da yawa.

Na farka wajen azahar. Abin da na fara nema shi ne wutar da ke bin hannuna, ban same ta ba. Na motsa yatsu, na sake nema. Wata takwas rabona da jin hannun nan shiru. Hawaye suka zubo mini, 'yata ta ɗauka ciwo ne ta tashi za ta kira majo, wato ma'aikacin jinya, na riƙe ta. A wuya kuwa, inda aka yanka, babu abin da nake ji ko kaɗan, sai da na kai hannu na taɓa bandeji da ɗan bututun da ke fitar da jini na tabbata an yi aikin. Abin da ke ciwo shi ne maƙoshi, kamar na haɗiyi ƙaya, da wani tsami tsakanin allunan kafaɗa. Waɗannan allurar ba ta kai gare su ba. Na maƙoshi daga bututun numfashi ne da turewar da aka yi wa hanyar abinci, na bayan kuma daga buɗa tsakanin ƙasusuwa da aka yi don a saka abin nan.

Ban yi amai ba ko sau ɗaya. Da la'asar suka ba ni ruwa cokali-cokali, suna kallon yadda nake haɗiya. Kafin magariba, da abin tallafe wuya a ɗaure, na zauna bakin gado, na taka zuwa ƙofa na dawo, ma'aikacin jinya yana riƙe da ni. A gadon da ke kusa da nawa akwai wani dattijo daga Tawa da aka yi wa nasa aikin ta baya, ƙasusuwa huɗu. Shi ma an yi masa allura, amma a bayan wuya, tsakanin tsokoki, kuma duk da haka ya fi ni shan wahala, don nasa yankan ya ratsa nama mai kauri. Ya dube ni ina tafiya ya ce, "Malam, kai naka da sauƙi." Gaskiya ya faɗa, ba kowane aikin wuya ne ɗaya ba, kuma ba kowace allura ce take yin abu ɗaya ba.

Kuskurena ya zo ne da isha'i. Likitar ta gargaɗe ni tun da safe cewa allurar aro ce, za ta saki cikin dare, kuma kada in jira ciwo ya zo kafin in sha magani. An tsara mini parasetamol gram ɗaya duk awa shida, da ɗan ragowar tramadol na jadawalina. Da mai jinya ta kawo na ƙarfe takwas, sai na ce a bar shi. A zuciyata na ga Allah ya raba ni da ƙwaya yau, ba zan sake kai ta bakina ba, ko wace iri ce. Ta lallashe ni, 'yata ta sa baki, na kafe. Da niyya mai kyau na yi, amma ban fahimci abin da aka gaya mini ba.

Wajen goma da rabi kunnena ya fara ƙaiƙayi, sai wani zafi-zafi a gefen wuya kamar an shafa barkono. Cikin rabin awa ciwon yankan ya sauko gaba ɗaya, ba sannu-sannu ba, kamar an buɗe ƙofa. A kansa kuma ga boren jiki na rashin tramol: zufa, rawar sanyi, ƙafafu sun ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ina son in juya babu dama, ina son in yi tari ina tsoro. Abin da na ƙi sha da hannuna sai da aka ba ni ta jijiya, har da ƙarin wani mai ƙarfi, kuma bai lafa ba sai wajen ƙarfe biyu. Da safe likitar ta zo ta zauna bakin gado. Ta ce abin da ya same ni sananne ne, in allurar kashe jijiya ta saki babu wani magani a jiki, ciwon yakan zo da ƙarfi fiye da yadda ake zato. Ta ce, "Baba, ƙwayar da ka sha a rumfa da wadda nake ba ka suna ɗaya ne, amma wannan da awo take, kuma da ranar gamawa." Na ƙirga daga takwas da rabi na safe zuwa goma da rabi na dare, awa 14 ke nan. A cikinsu na farka da hankalina, na sha ruwa, na yi numfashi sosai, na taka ƙasa. A ganina ko don waɗannan kaɗai allurar ta biya kuɗinta, kuma daren nan mai wuya ba laifinta ba ne.

Kashegari aka cire bututun jinin, kwana uku aka sallame ni. Kafin mu fita likitan fiɗa ya kira ƙanena da 'yata ya ce in suka ga wuya yana kumbura, ko numfashi yana yi mini wuya, ko zazzaɓi, ko ƙafafu sun yi nauyi, su kawo ni nan take ko ƙarfe nawa ne. Ya hana ni diklofenak da ibuprofen na tsawon wani lokaci, ya ce yana gudun su rage saurin haɗewar ƙashi. Ya ce da ina shan taba da sai mun yi doguwar magana, don taba tana cikin manyan abubuwan da ke hana ƙashin kamawa.

Haɗiya ce ta fi ba ni wahala a makonnin farko. Kunu, koko, fura mai ruwa-ruwa, romo, daga baya tuwo mai laushi da miyar kuka da yawa. Ranar da na gwada ƙwayar shinkafa busasshiya sai da na ƙware. Na koyi cin abinci a zaune sosai, loma ƙarama, ruwa a kusa. Muryata ta dushe kusan mako biyu. Na tambaya ko allurar ce, aka ce a'a, da ita ce da ta washe tun daren farko, wannan daga jan da aka yi wa maƙogwaro ne lokacin aiki. Salla kuwa a kujera nake yi da ishara, na tambayi limamin unguwar ya ce babu komai. Rashin kai goshi ƙasa ya dame ni fiye da yadda na zata.

Ba a bar ni na hau hanya ba sai bayan mako uku, da aka duba ɗinkin aka sake radiyo. Mun sayi kujeru biyu a gaba-gaba cikin babbar mota, 'yata ta tallafe ni da matasai, duk inda aka tsaya sai na sauka na ɗan taka. Duk da haka kowane rami da kowane tudun rage gudu sai da na ji shi a ƙeya. Mun iso Damagaram cikin dare, hunturu ya sauka, kuma tarin ƙura ya zama sabon abin tsoro, har na riƙa rufe hanci da rawani ko a cikin ɗaki.

Ƙwayar tramadol ta ƙarshe a jadawalin na sha ta mako biyar bayan aiki. Kwana huɗu da suka biyo baya barci ya yi ƙaranci, daga nan jiki ya haƙura. Yaron mai keke har yanzu yana wucewa ta ƙofar rumfata. Na kira shi rana ɗaya na gaya masa abin da likita ta ce game da lamba 225, ya saurara, ya ce shi ma saro ya yi. Dukawa biyu da wani tela sun zo gida a ɓoye suna tambayata yadda na rabu da ita. Abin da na iya gaya musu shi ne su je asibiti su faɗi adadin da suke sha ba ragi, musamman in akwai aikin fiɗa a gabansu, ko na gwaiwa ne. Da na ɓoye wa likitar nan, da ba ta san tana bukatar shirya mini wata hanya ba.

An cire abin tallafe wuya a mako na shida, na fara zuwa wurin mai gashi da motsa jiki sau biyu a mako. Ya koya mini jan haɓa baya, matse allunan kafaɗa, juya kai a hankali ba da ƙarfi ba, da matsa ƙwallon roba don yatsu. Ya hana ni ɗaukar abin da ya fi buta nauyi har wata uku, ya hana ni hawa kabu-kabu. Shi ne kuma ya zo rumfa da kansa ya ga yadda nake zama, ya ce in na koma tabarma faifan da ke sama ko ƙasa da wanda aka gyara shi zai ɗauki nauyin. Kafinta ya yi mini tebur mai tsayi da kujera mai jingina. Abokan sana'a sun yi ta kallo, don ba a saba ganin baduku a kan tebur ba, yanzu biyu daga cikinsu sun yi irinsa.

Na koma aiki sosai bayan ƙaramar sallar 2024. Yankan kirgi da jan fata na bar wa yara, ni ina ɗinki da ado, kuma duk rabin awa nakan tashi in miƙe. Radiyon wata shida ta nuna ƙasusuwan suna haɗewa. Tabon ya shige cikin layin wuya, sai na nuna ake gani, amma ƙarƙashin haɓa akwai wani ɗan wuri da har yanzu in ana mini aski ba na jin aska sosai. Ƙarfin hannu ya dawo, maɓalli ba ya gagarata. Kan babban yatsa ne kaɗai bai farka ba, kamar an naɗe shi da ƙyalle. Likita ya ce jijiyar da ta daɗe a danne tana iya ɗaukar shekara ko fiye, wani sashe kuma yana iya zama haka. In zan zura zare a basilla sai na duba da ido, don yatsan ba ya gaya mini ko ya shiga. Watan Nuwamba zan koma Yamai a sake dubawa.